Gargaɗi Ga Mutanen Ƙofar Sauri: A Binciki Man Shafawar da Ke Ɗakunanmu Kafin Hunturu Ya Kankama

Zuwa ga iyayena da 'yan uwana mata na Ƙofar Sauri da kewaye, da magidantan da ke fitar da kuɗin cefane, da masu kemis da masu kantin kayan kwalliya.

Ina roƙon duk wadda wannan takarda ta shiga hannunta, yau ɗin nan kafin ta kwanta, ta shiga ɗaki ta tattaro duk wani man shafawa da ke gaban madubi da cikin durowa da bakin taga, ta jera su a kan tabarma inda akwai haske. Duk robar da babu rubutu a jikinta, ba sunan kamfani, ba jerin abubuwan da aka zuba a ciki, ba lambar NAFDAC, a ware ta gefe, kada a sake kai ta jikin yaro. Iska ta fara juyawa, leɓɓa sun fara tsagewa, nan da 'yan kwanaki kowane gida zai shiga neman mai ido rufe. A daidai wannan gaɓa ce ake cusa mana guba da sunan maganin kaushi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, da idona na gan shi. Wata ƙanwata ta unguwa ta shigo wurina da 'yarta mai shekara huɗu, ta ce, "Yaya, duba mini yarinyar nan, ko sanyi ne ya fara taɓa ta?" Na jawo yarinyar bakin ƙofa. Kumatunta sun yi jajir kamar an ɗaye musu fata, wasu siraran jijiyoyi sun fito a kai kamar zaren gizo-gizo. Bayan hannunta ya yi fari fat, amma gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin. Da na ɗaga rigarta sai gabana ya faɗi: a cinyoyinta akwai layuka masu sheƙi irin nankarwar da ke fito wa mai tsohon ciki. Nankarwa a jikin 'yar shekara huɗu!

Na ce ta kawo mini man da take shafa mata. Wata 'yar farar roba ce, ba ko harafi ɗaya a jikinta, man ciki ruwan madarar da aka barbaɗa wa kurkum, ga ƙamshi har bakin zaure. Ta ce a waya ta gani, wata mai haɗi ce ke tallarsa, ta rantse mata cewa oganik ne, man kaɗe ne da zuma da karas kawai, yana hana kaushi yana kuma "fito da ainihin kalar yaro". Wata huɗu tana shafa mata safe da yamma. Wallahi baiwar Allahn nan ba ta taɓa nufin yi wa 'yarta bilicin ba. Kaushi ta je nema wa magani. Da suka je asibiti, likita na ganin yarinyar ya ce wannan aikin sitiroyid ne, maganin da ko babba ba a ba shi sai da takardar likita.

Man kaɗe ba ya sa mutum fari, zuma ba ta yi, karas ma ba ya yi. Da mun san aikin da man shafawa yake yi a jiki, da ba wanda zai iya yi mana wannan ƙaryar. Don haka ku ba ni aron hankalinku kaɗan.

Saman fatar mutum gini ne irin na tsohuwar ganuwar da ƙofarmu take jikinta. Akwai tubala, akwai lakar da ke riƙe su. Tubalan su ne matattun ƙwayoyin fata da suka baje suka hau juna hawa 15 zuwa 20, duk kaurinsu bai kai na takarda ba. Lakar da ke tsakaninsu kuma wani maiƙo ne da jiki ke yi da kansa, wanda kusan rabinsa ake kira seramid. Wannan siririn ginin shi ke hana ruwan jiki tsiyayewa waje, shi ke hana ƙura da ƙwayoyin cuta kutsowa ciki. Jiki yana sabunta shi kusan duk bayan mako huɗu. Da damina, iskar Katsina cike take da ɗanshi, ba ta neman komai a wurin fata. Da hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ɗanshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, sai iskar ta riƙa zuƙe ruwa daga duk abin da ta taɓa, kamar yadda shanya ke bushewa kafin a gama wanki. Mu kuma sai mu ƙara mata ƙarfi: wanka da ruwa mai ƙuna, sabulu mai kaifi, dirza da soso, wanke-wanke da omo, ga alwala sau biyar a rana da ruwan randa mai sanyi ƙarara. Duk waɗannan suna wanke lakar nan. In ta tafi, tubala su ɗage, jiki ya yi furu-furu, ƙaiƙayi ya taso, dunduniya ta tsage ta zama faso har da jini.

To aikin man shafawa na gaskiya shi ne ya riƙe wa fata ruwanta, ya yi wa ginin nan yaɓe. Abubuwan da ake zubawa a ciki don wannan aikin iri uku ne, kuma yawancinsu mun san su tun muna goye.

Akwai masu janyo ruwa. Babbansu shi ne gilisarin, ruwan nan mai yauƙi da ake sayarwa a kemis cikin 'yar kwalba, wanda a jikin roba za ki ga an rubuta shi Glycerin. Ana samunsa daga mai da kitse, wurin yin sabulu ma yana fita. Halinsa irin na gishiri ne da damina: yana jan ruwa ya riƙe. Saboda haka shi kaɗai tsura a busasshiyar fata ba ya gamsarwa, danƙo kawai zai yi ya kwashi ƙura, domin iskar hunturu ba ta da ruwan da zai ja. A sirka shi da ruwa, a shafa jiki na da laima, a bi da mai a sama. Ɗan uwansa a wannan aikin shi ne yuriya, Urea a rubuce. Manomanmu sun san sunan a buhun taki, amma ta man shafawa tatacciya ce da ake yi musamman a masana'anta, kada wani ya kai ta gona jikinsa. In tana kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari tana jiƙa fata, in ta kai kashi 20 zuwa sama tana narkar da kaushi mai kauri, shi ya sa ake sa ta a man faso. Takan yi raɗaɗi a inda fata ta tsage, kuma mai ƙarfin ba ta jarirai ba ce. Wanda ake ta yayi yanzu a kwalabe masu tsada, Hyaluronic acid, shi ma wannan aikin yake yi, bai fi gilisarin ɗin kemis da wani abin a zo a gani ba.

Akwai masu rufe hanya, su ne murfin tukunya. Sarkinsu basilin ne, Petrolatum a rubuce. Wani Ba'amurke mai suna Robert Chesebrough ne ya lura da shi a rijiyoyin man fetur na Pennsylvania a 1859, ya tace shi, ya yi masa rajista a 1872 da sunan Vaseline. Ba ya ƙara wa fata ruwa ko ɗigo, amma yana hana kusan kashi 98 cikin ɗari na ruwan da zai fita. Har yau ba a sami abin da ya fi shi a wannan fage ba, ga arha, ga shi da wuya ya yi wa mutum borin jiki. Sharaɗin kawai ya zama tatacce, fari tas, marar wari, ba wanda ake ɗiba daga buɗaɗɗen bokiti a bakin hanya ba. 'Yan gidansa su ne Paraffinum liquidum, da Dimethicone mai santsi, da kakin zuma, da Lanolin da ake samu daga gashin tumaki.

Sai masu cike tsaga su sa laushi, kuma a nan ne Allah ya yi mana arziki. Man kaɗe, man kwakwa, alayyadi, man gyaɗa: maiƙonsu yana shiga tsakanin tubalan da suka ɗage ya kwantar da su. Kakata ba ta taɓa sanin wani mai ba sai na kaɗe. Da hunturu takan gutsiro ɗan curi ta sa a tafin hannu, ta kara kusa da murhu har ya narke, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya daga wuya har tafin ƙafa, tana murza dunduniya da babban yatsa. Ba na tuna ranar da ɗayanmu ya yi faso. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwallon kaɗanya. Kamfanonin Faransa da Ingila da Amurka suna saye, su zuba kaɗan a cikin mansu, su rubuta Butyrospermum parkii a jikin kwalba, mu saya da tsada. Abin nan da muke rainawa saboda warinsa, shi ne dai. In warin ne damuwa, a narkar da shi a kan ruwan zafi, a tace da ƙyalle mai tsabta, a haɗa da man kwakwa kaɗan.

Duk man kanti na kirki, waɗannan ukun ne aka kaɗa da ruwa. Mai ruwa-ruwa na cikin dogon galan ruwansa ya fi yawa, ya fi dacewa da bazara. Mai kauri na cikin faffaɗar roba ya fi riƙe jiki da hunturu. Ƙa'idar rubutun kuma ita ce abin da ya fi yawa shi ke zuwa farko, don haka kusan kullum Aqua za ki fara gani, wato ruwa. In kin ga gilisarin, basilin ko man kaɗe a cikin biyar na farko, kin sami abin da kike nema. Can ƙasa za ki ga Parfum, wato turare, wanda shi ne ya fi yawan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje ga masu laushin fata da jarirai. Za ki kuma ga sinadaran hana lalacewa irin su Phenoxyethanol. Waɗannan dole ne, domin duk abin da aka haɗa ruwa da mai aka ajiye a ɗaki mai ɗumi, ƙwayoyin cuta za su yi gida a ciki. Ku yi tunani a nan: mai haɗin da ta ce miki ta zuba madara da zuma da ruwan karas ba tare da wani sinadari ba, kuma man ya yi wata uku bai yi tsami ba bai yi funfuna ba, to akwai abin da ba ta faɗa miki ba.

Babu ko ɗaya cikin abubuwan da na lissafa da ke sauya launi. Fatar da ta sha mai takan yi sheƙi, furfurar kaushi ta kau, launinta na asali ya fito sumul. Iyakar abin ke nan. Duk man da ya sa kika yi haske cikin kwana goma ko mako biyu har mutane suka fara tanka miki, akwai ɗaya daga cikin abubuwa uku a cikinsa, ko ma duka ukun.

Na farko, wanda ya fi yawa a unguwanninmu, shi ne sitiroyid. Sunayensa a jikin kwali su ne Clobetasol, Betamethasone, Fluocinonide. Su ne 'yan tub ɗin nan da ake saye a kemis a matse cikin babban mai, har da masu "aiki uku" da iyaye ke shafa wa jarirai don ƙurajen zafi ko sabar kunzugu. Magunguna ne na gaske masu amfani a hannun likita, wanda kan rubuta su don wuri ƙayyadadde na 'yan kwanaki ko makonni kaɗan. In aka mayar da su man kullum, suna tsuke ƙananan jijiyoyin jini su danne launi, sai a ga haske nan da nan. A ƙarƙashin hasken nan fata tana sirancewa. Nankarwa ta fito a hamata da cinya da ƙirji, kuma irin wannan nankarwar ba ta gogewa har abada. Ƙuraje su feso a fuska, gashi ya tsiro a haɓa, makero da kyasbi su bazu saboda an kashe garkuwar fata. Ɗan ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Ranar da aka zo yi wa mace aikin haihuwa, fatar ta riƙa yagewa a hannun mai ɗinki.

Ɓarnar ba ta tsaya a waje ba. Maganin yana ratsa fata ya shiga jini. A kan kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke samar wa jiki irin nasa sitiroyid ɗin, wanda ke daidaita bugun jini da suga. In na waje ya yi ta shigowa, sai su daina aiki. Daga nan fuska ta kumbura ta yi zagaye, hawan jini ya shigo, ciwon suga ya biyo baya. In ana kai shi kusa da ido yana iya jawo yana ko hawan jinin ido. Yaro ya fi kowa shiga haɗari, domin fatarsa siririya ce, kuma in aka gwada da nauyinsa faɗinta ya fi na babba, don haka ya fi zuƙar maganin. Yana iya tsayar masa da girma.

Na biyu shi ne haidurokwinon, Hydroquinone a rubuce. Shi kai tsaye yake hana fata yin baƙin sinadarin nan da ke ba mu launi. Wannan baƙin laima ce da Allah ya ba mu saboda ranar ƙasarmu, kuma duk wanda ya ga yadda rana ke wahalar da 'yan uwanmu zabiya ya san darajarta. In aka daɗe ana shafawa ana shiga rana, sai abin ya juye: kumatu da goshi da bayan wuya su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi kamar an ƙona da dutsen guga, da ƙananan gudaje a ciki. Likitocin Afirka ta Kudu sun bayyana wannan cuta tun 1975, ƙasar ta hana sa shi a kayan kwalliya a 1990, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001, Kodebuwa ta hana mayukan bilicin a 2015. Tabon nan yana da wuyar magani ƙwarai. Kuma abin takaici, in ya fara fitowa, mai haɗi cewa take yi a ƙara ƙarfin man.

Na uku zaiba ce, ita ce mafi muni, kuma ita ce aka fi ɓoyewa. In an rubuta ta, za ki ga Mercury, Calomel, Mercurous chloride ko haruffa biyu Hg, amma galibi ba a rubutawa. Tana lalata ƙoda har ƙafafu da fuska su kumbura, fitsari ya riƙa kumfa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa: karkarwar hannu, mantuwa, rashin barci, saurin fushi. Tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, tana bin nono. Tana kuma maƙalewa a tawul da zanin gado, mijin da 'ya'yan da ba su taɓa shafawa ba su ma su kwasa. A 2019 a Sacramento ta ƙasar Amurka, wata mata ta faɗi ba ta san inda kanta yake ba saboda man fuska da aka kawo mata daga Meziko. Da aka auna man, zaibar da ke ciki ta ninka iyakar da doka ta yarda da ita sau 12,000. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta ɗauki sunan garin Japan da zaiba ta nakasa mutanensa, ta fara da sa wannan iyaka, sannan a taron Janeba na 2023 ƙasashe suka amince a daina sa zaiba a kayan kwalliya kwata-kwata daga 2025.

Matsalar ba ƙarama ba ce a ƙasar nan. Wata ƙididdiga da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a 2011 ta ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara haske. A watan Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a faɗin ƙasa. Dokarta ta haramta zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya. A watan Maris na 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta yi wa 'ya'yanta shida shafe-shafen nan har jikinsu ya lalace, tana nadama. Tsakanin Kano da Katsina tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma kayan da ake haɗawa a can su ne ke sauka a Babbar Kasuwarmu, ban da waɗanda ke shigowa ta iyakar Jibiya, ban da waɗanda ɗan acaba ko mai Keke ke kawowa har ƙofar gida bayan an yi ciniki a WhatsApp. Jami'in hukuma ba zai iya shiga ɗakin kowace mace ba. Ke ce mai gadin ɗakinki.

Yanzu ga abin yi, kuma a nan ina so a saurare ni da kyau, domin barin man nan ma yana da ƙa'ida. Wadda ta yi 'yan kwanaki tana shafawa ta daina kawai. Amma wadda ta yi watanni ko shekaru tana mulke duk jikinta, ko yaron da aka daɗe ana shafa masa, kada a tsaya a gida ana jiran abin da zai faru. Ƙullutun nan na kan ƙoda sun yi barci, ba sa farkawa dare ɗaya. A tafi asibiti washegari da robar a hannu, a faɗa wa likita gaskiya: tun yaushe, sau nawa a rana, wane sashe na jiki. Ba abin kunya ba ne, sun ga irinsa ba adadi. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya, ga Babban Asibitin Katsina, ga Asibitin Turai 'Yar'aduwa na mata da yara. A nemi a auna jini da suga da fitsari. In bayan an daina sai aka ga amai, ko kasala mai tsanani, ko jiri, ko yaro ya yi laƙwas, a garzaya ko da tsakar dare ne. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa wa ma'aikatan awo a zuwansu na gaba, ko su je tun kafin ranar.

Ina gaya muku tun yanzu don kada ku karaya: makonnin farko akwai wuya. Fuska za ta yi zafi, ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ta yi duhu fiye da da, dabbare-dabbare. A nan ne yawanci suke komawa ruwa. A daure. A riƙe basilin ko man kaɗe tsura, a guji rana tsaka, a riƙa yafa mayafi ko riƙe lema, a bi abin da likita ya ce. Fata tana gyara kanta a hankali, cikin watanni.

Ga sauran jama'a kuwa, hunturu ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a taƙaita, a sassauta soso. A tsane jiki sama-sama, a shafa mai nan take tun laima ba ta tafi ba, kada a bari sai an gama shiri jiki ya bushe ƙayau. Bayan alwala a ɗan goga a hannu da ƙafa. Mai faso ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ta cika tsagar da basilin ko man yuriya, ta sa safa ta kwana. Mai ciwon suga kada ya kai reza ko dutse ƙafarsa, kada ya cusa mai tsakanin yatsu, kuma duk tsagar da ta fara ruwa ya kai ta asibiti. Jariri ba ya bukatar komai sai mai marar turare marar launi.

Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa ba. Tufafi da zanin gado da suka sha mai suna kama wuta da sauri fiye da ƙima, har hukumar magunguna ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2018. Mu kuwa hunturu lokacin kaskon wuta ne a tsakar ɗaki, lokacin tsuguno a kan turaren wuta. Tsoho ko yaron da aka mulke da mai, a nisanta rigarsa da garwashi, a riƙa wanke kayan kwanciya akai-akai.

Malam mai kemis, kai ne ƙofar farko. In yarinya ta zo ta ce a ba ta tub uku ba takardar likita, ka san abin da za a yi da su. Ribar da ke ciki ba ta kai haƙƙin ƙodar 'yar mutane ba, ka ji tsoron Allah ka ce babu. Hajiya mai haɗi, wataƙila ke ma koya miki aka yi ba a faɗa miki abin da ke cikin farar hodar da ruwan kwalbar da kike zubawa ba. Yanzu kin ji. Sana'ar man kaɗe da dilka da lalle da halawa tana nan, halal ce, kuma tana da kasuwa. Iyayen amare, ku tsaya a kan mai gyaran jiki ku tambaye ta sunan duk abin da za ta shafa wa 'yarku, kada a ɗauke ta baƙa ranar Litinin a dawo muku da ita fara ranar Juma'a ku yi guɗa.

Ku kuma maza, da iyayen miji, da dangin da ke ɗaga jariri ranar suna a duba bayan kunnensa a ce "wannan baƙi zai yi", ku sani maganarku ce ke tura mata wurin masu haɗi. Kirarin "farar mace alkyabbar mata" da ake yi a gaban 'yan mata baƙaƙe da wankan tarwaɗa yana shiga zuciya ya zauna, kuma samarinmu ma yanzu sun shiga shafe-shafen. Maigida, in ka ga launin iyalinka ko na 'ya'yanka yana sauyawa, ka tambaya cikin lalama, ka ɗauki nauyin zuwa asibiti, ka faɗa mata da bakinka cewa yadda Allah ya yi ta ka gani ka aura. Ina roƙon limamanmu da malaman Islamiyya su sa wannan magana a huɗuba da darasi cikin makonnin nan, masu unguwanni su kai ta majalisa, wanda kuma ya san inda ake haɗa irin wannan man don yara ya sanar da ofishin NAFDAC na jiha.

Yarinyar da na ba ku labari tana samun sauƙi, jan kumatun ya fara kwanciya, amma likita ya ce layukan cinyarta sun zauna ke nan. 'Yar uwa, robar da kika ware ɗazu kada ki zubar a kwata ko bola inda yara ke wasa, kada kuma ki ba wata. Ki ƙulle ta a leda, ki sa a jakarki tare da katin asibiti, gobe da sassafe ki kama hannun yaronki ku tafi.